Sekiro, Elden Ring ko Bloodborne: wanne ya dace da mai PS4 a ƙauye?

Duk gidan gem ɗin da ka leƙa daga Wudil har Ringim, ƙwallo ce ke ci, sai ɗan Mortal Kombat idan dare ya yi. Amma akwai samarin da ƙwallo ta ishe su, suna neman gem ɗin takobi mai wuya, irin wanda bos ɗaya, wato babban abokin gaba, zai riƙe mutum mako guda. Kuɗin faifai ɗaya ne a aljihu, shiga Kano kuma ba tafiyar kullum ba ce. Ukun da aka fi tambaya duk kamfani ɗaya ne ya yi su, FromSoftware na Japan, ƙarƙashin Hidetaka Miyazaki: Bloodborne a 2015, Sekiro a 2019, Elden Ring a 2022.

Sekiro za ka saya. Abin da nake fara dubawa a gem shi ne ko yana tsayawa idan na danna maɓallin Options a hannun gem, wato abin dannawar da ake wasa da shi. Sekiro yana tsayawa cak, ko da takobin bos na kan wuyanka. Sauran biyun ba su da maɓallin tsayarwa. Baba ya ƙwala kira, ko an tayar da iƙama, ko janareta ta fara tari tana neman mai, sai dai ka ajiye hannu a kashe ka, ko ka fita gaba ɗaya ka dawo ka tarar jinin bos, wato ma'aunin ransa, ya cika. Ga shi Sekiro ba ya buƙatar intanet ko PS Plus, rajistar da ake biya don wasa da wasu ta intanet, don babu wasan haɗaka a cikinsa.

Faɗansa kuwa babu irinsa. Kowane abokin gaba yana da ma'auni biyu, na jini da na tsayuwa. Sabon shiga yakan zage yana sara don ya ƙarar da jini, ya sha wuya a banza. Gwani na tsayuwar yake hari: ya danna L1, maɓallin kare sara, daidai lokacin da sara ke sauka, ƙarfe ya haɗu da ƙarfe, tartsatsi ya tashi, ma'aunin ya cika, sai jan ɗigo ya fito, bugu ɗaya magana ta ƙare. Kamar dambe ne, ana ta auna juna, kisa ɗaya ake jira. Idan jan rubutun Japananci ya bayyana a kan kanka, harin ba na karewa da gadi ba ne. In suka ne, ka matsa gaba ka take makamin da dabarar da ake kira Mikiri. In shara ce ta ƙasa, ka yi tsalle ka tako kansa. Hannun hagu na jarumin na roba ne, ana ɗaura masa gatarin fasa garkuwa ko abin fashewa mai razana dabbobi. Kuma idan aka kashe ka kana iya tashi nan take ka ci gaba. Genichiro, bos ɗin da ke saman fadar Ashina, shi ne malamin kowa. Wanda ya wuce shi ya iya gem ɗin. Ƙaton birin nan da ake sare wa kai ya miƙe ya ɗauki kansa a hannu kuma, na bar ka ka gani da idonka. Wasu za su ce ai babu sauya sulke da tara makamai, kuma gaskiya ne, takobi ɗaya ne har ƙarshe. Ni abin da ya burge ni ke nan, ba a sayen nasara da yawon tara maki. Sekiro ne ya ci kambun gem ɗin shekara a The Game Awards na 2019.

Elden Ring ma ya ci kambun a 2022, kuma yana da faɗi: doki, tsafi, makamai barkatai, idan Margit, bos ɗin farko-farko, ya gagare ka ka tafi wani wuri ka ƙara ƙarfi. Sai dai sabuntawarsa na cinye data, kuma a tsohuwar PS4 za ka yi ta zaman jira bayan kowace mutuwa, fankar na'urar na kuka a zafin Afrilu. Bloodborne duhu ya yi masa yawa a ƙaramar talabijin da rana, maganin jininsa kuma ƙarewa yake, sai ka koma farauto shi.

Duk wanda ka zaɓa, jabun hannun gem zai kashe maka shi. An taɓa sayar mini da ɗaya a wani shago cikin birni, a kwali mai kyau, mai shagon yana rantsuwa. A ƙwallo ba ka ganewa. A Sekiro kuwa ka danna L1 sai bayan sara ya shige yake amsawa, ka yi ta zargin yatsunka. Kafin ka biya, a haɗa shi da na'ura a gabanka. Ka sa abin sauraro a ramin da ke ƙasansa ka ji ko sauti na fita, ka shafa allon taɓawar da ke tsakiya, ka saki sandunan biyu ka ga ko hoto na tafiya da kansa. Mai shagon da ya ce babu wutar gwaji, ka yi gaba.

Sai masu tallar asusun PlayStation a WhatsApp da Facebook, gem goma a kuɗin ɗaya. Asusun nasu ne, ranar da suka sauya lambar sirri ko suka sayar wa wani, za ka wayi gari da hoton kwaɗo a kan gem ɗinka. Na'urar da aka fasa aka cika da gem ita ma tarko ce, ƙaninka ya sabunta ta sau ɗaya duk sun daina buɗewa. Wanda ya ce zai saka maka Black Myth: Wukong a PS4 ƙarya yake, gem ɗin na 2024 bai fito a PS4 ba. Ka buɗe kwalin faifai ka karanta sunan da ke jikinsa, ka juya bayansa ka duba karce a hasken rana. Kwalin PS5 farin layi ne a samansa, ba ya aiki a PS4. Idan kuma ka ƙi jin maganata ka ɗauki Elden Ring da niyyar ƙara Shadow of the Erdtree, ƙarinsa da ake saya daban, daga baya, ka tambayi yankin faifan tun a shago, don ƙarin da aka saya da asusun Amurka ba ya hawa faifan Turai.