Faifan Mdou Moctar da gardamarmu kan rok ɗin 2021

Mu masu sauraron kiɗan rok a garin nan ba mu da yawa, shi ya sa in muka haɗu gardama ba ta ƙarewa. Ni da wani aminin yayana, wanda na tashi ina kiransa Yaya, mun daɗe muna ja-in-ja a kan tambaya ɗaya: wane kundi ne ya fi kowanne a cikin na rok da suka fito a 2021? Shi ya tsaya kai da fata a kan Senjutsu na Iron Maiden. Ƙanena kuma, da ba ya rabo da waya, ya ce Glow On na Turnstile. Ni nawa shi ne Afrique Victime na Mdou Moctar, Ba'abzine mai jita ɗan Nijar, da ƙungiyarsa, kuma da yake faifan yana hannuna, na saurare shi a mota, a ɗaki, a waya, har ban san adadi ba, na ga ya dace in rubuta abin da na samu a cikinsa, da daɗinsa da kuma inda ya gaza.

Wata 'yar'uwarmu ce ta zo mini da faifan CD ɗin tsaraba daga Faransa. Kamfanin Matador na Amurka ne ya fitar da shi ranar 21 ga Mayu, 2021. Waƙoƙi 9 ne, tsawonsu duka minti 41 da 'yan kai. Ranar da na fara saka shi ina kan hanyar Zariya ne da sassafe, a tsohuwar motata da har yanzu rediyonta ke karɓar faifai. Abin da ya fara fitowa ba kiɗa ba ne. Takun ƙafa na ji, da carar zakara, kamar mutum ya fito tsakar gida da asuba. Sai jita ta shigo ita kaɗai, da wata murya siririya mai kaifi, sannan ganguna suka faɗo. Wannan ita ce Chismiten. Kafin ta kai ƙarshe na lura ƙafata ta danne totur fiye da yadda na saba, dole na sassauta. Waƙar ƙara sauri take a hankali a hankali, ba ka ankara ba sai ka ji zuciyarka na bin ta a guje.

Wannan ƙarin saurin shi ne abin da na kasa fahimtar da Yaya tun farko. Yawancin rok ɗin zamani a situdiyo ana ɗaukarsa ne da na'urar da ke ƙirga wa mai ganga bugu a kunne, yadda waƙa za ta fara ta ƙare a kan gudu ɗaya, ba ragi ba ƙari. Mu kuwa duk wanda ya taɓa tsayawa a wurin kalangu ko gangar noma ya san kiɗa ba haka yake rayuwa ba. Makaɗi yana kallon masu rawa, in ya ga jiki ya ɗau zafi sai ya ƙara wuta, su ma su ƙara. Souleymane Ibrahim, mai gangunan wannan ƙungiya, haka yake kiɗa. Jaridun Turawa sun fi zuzuta yatsun Mdou, suna kwatanta shi da Jimi Hendrix, shahararren mai jitar Amurka, amma ni a kunnena ƙashin bayan faifan nan mai ganga ne, da Ahmoudou Madassane da ke riƙe da jita ta biyu. Shi Ahmoudou zai kama zagaye ɗaya ya yi ta nanata shi ba gajiya, kamar mai daka, ya bar Mdou ya yi yawo a sama yadda ya ga dama. In ka cire waɗannan biyun, abin da zai rage gwaninta ce kawai, kuma gwanaye a jita ba su da iyaka a duniya.

Ba wai ina rage wa Mdou daraja ba ne. Bahago ne, kuma da yatsu yake kaɗa tsirkiya, ba da ɗan robar da 'yan rok ke riƙewa ba. Shi ya sa sautin ke fita a tsinke, da sauri, da 'yan lanƙwashe-lanƙwashe irin na mai molo ko garaya. Abzinawa suna da nasu molon da suke kira tehardent, suna da tende, gangar da ake yi da turmi a rufe bakinsa da fata, mata na tafi suna amshi. Duk wannan yana nan a ƙarƙashin ƙarar lantarkin. Sunansa na yanka Mahamadou Souleymane, ya tashi a Nijar, a gidan da ba a son kiɗa, kuma jitarsa ta farko da hannunsa ya haɗa ta da katako da wayar birkin keke. Abin da ya fi taɓa ni a tarihinsa shi ne, kundinsa na farko, Anar, a Sakkwato ya ɗauke shi a 2008, da irin na'urar gyaran murya da waƙoƙin finafinanmu na Hausa suka shahara da ita a wancan lokaci. Waƙoƙin ba ta kasuwar faifai suka yaɗu ba, daga waya zuwa waya suka bi, ta memori da Bluetooth, har suka kai kunnen Christopher Kirkley na kamfanin Sahel Sounds, ya saka ɗaya a wani tarin waƙoƙin da ya tsinto daga wayoyin mutanen Sahara. Da Afrique Victime zai fito, har wata ƙaramar wayar Nokia aka sayar da waƙoƙin a cikinta, don tunawa da wannan hanya.

Yaya ya saurari duk wannan bayani, ya gyaɗa kai, sannan ya ce, "Ƙanena, labari ne mai daɗi, amma ba labari muke aunawa ba. Kuma wannan ai ba rok ba ne, kiɗan gargajiya ne aka sa masa wuta."

Maganarsa ta farko gaskiya ce, na karɓa. Wayar birkin keke ba ta sa kundi ya yi kyau. Ta biyun ce ban yarda da ita ba, kuma har yau in na tuna ta sai raina ya sosu, don ba shi kaɗai ke faɗinta ba. Mutum huɗu ne: jita biyu, bes (jita mai kaurin murya), ganguna. Daidai yadda ƙungiyoyin rok suke tun shekarun 1960. Akwai ƙarar da ke sa bango rawa, akwai doguwar kaɗawar jita ita kaɗai, akwai fushi a kan masu mulki. Me ya rage? Harshe ne kawai da fatar masu kiɗan. Lokacin da Tinariwen na Mali suka ci kyautar Grammy a 2012 da kundinsu Tassili, a rukunin "kiɗan duniya" aka ba su. Bombino na Agadas ma da aka sa sunansa a takara da kundin Deran, rukunin nan ɗin ne. Kamar an gina wani ɗaki a bayan gida, duk baƙon da ya zo daga Afirka a ce ga masaukinka, ko da kuwa sana'arsa ɗaya da masu gidan. Måneskin na Italiya sun ci gasar Eurovision a wannan shekarar ta 2021 da waƙar Italiyanci, ban ji wanda ya ce ba rok suke yi ba don bai iya Italiyanci ba.

Kyautar kundin rok mafi kyau ta Grammy a 2022 kuwa Foo Fighters aka ba, saboda Medicine at Midnight. Na saurare shi sau da dama don kada in zalunce shi. Aiki ne mai tsafta, waƙoƙi 9 shi ma, sai dai na gama ban riƙe komai a ka ba. Abin da ke dawo da ni gare shi yanzu tausayi ne, domin mai gangarsu Taylor Hawkins ya rasu a Bogota a watan Maris na 2022, 'yan kwanaki kafin a ba su kyautar.

Senjutsu ya fi shi nauyi nesa ba kusa ba, kuma ina girmama Yaya a kan zaɓinsa. Kundi na 17 ne na mutanen da suka fitar da kundinsu na farko tun 1980, kuma har yanzu ba su yarda sun zama masu maimaita tsofaffin waƙoƙi kawai ba. Amma ya haura minti 80, waƙoƙi ukun ƙarshe kowacce ta wuce minti 10, kuma kusan duk da doguwar shimfiɗa mai sanyi suke farawa kafin a shiga magana. Na zauna da shi daren Juma'a guda daga farko har ƙarshe a ɗakin Yaya, yana ta nuna mini wuraren da jita uku ke haɗuwa. Na ji gwanintar, wallahi na ji. Sai dai ji na yi kamar ina zagaya wani katafaren gida da aka gama gininsa tun da daɗewa, komai a wurinsa, ba abin da zai ba ka mamaki. Glow On na ƙanena kuwa yana da jini a jika, waƙoƙi 15 cikin kusan minti 35, kuma da a ce babu na Mdou, da shi zan bi.

Abin da ya raba mini gardamar ita ce waƙa ta takwas, wadda aka ba kundin sunanta. Minti 7 da wani abu ce. Tana farawa a natse, da amshi mai sauƙin kamawa, rabi da Faransanci, tana magana a kan irin zaluncin da ake yi wa Afirka da kuma shirun da 'ya'yanta suka yi. Daga tsakiya sai ganguna su fara hanzari, bes ɗin Mikey Coltun, Ba'amurken da ya haɗa sautin kundin, ya bi su, sannan jitar Mdou ta daina rera komai. Kuka take, tana ƙara, tana karce kamar ana yaga kwano. Karon farko na ɗauka lasifikar motata ce ta fashe, har na rage murya. Da na sake ji a gida da abin kunne mai kyau na gane da gangan ne. Mutumin da ya fito daga ƙasar da aka shafe shekaru tun wajajen 1970 ana haƙar yuraniyom a Arlit ana kai wa Faransa, alhali ƙauyuka da yawa ba su san wutar lantarki ba, in ya zo faɗin wannan magana ba zai faɗe ta da murya mai daɗi ba. A nan ne na ji abin da ake cewa rok an yi shi dominsa, kuma ban ji shi a sauran kundayen shekarar da na saurara ba.

Amma ba duka faifan ne wuta ba, kuma wannan na cikin abin da ya sa ba ya gundurata. Ya Habibti da tafi take tafiya da jitar da ba ta lantarki ba. Tala Tannam kuwa sanyi gare ta kamar iskar bayan la'asar, muryoyi na bin juna a hankali. Matata ba ta son ƙarar rok ko kaɗan, in na saka Iron Maiden ficewa take daga falo, amma ran nan na same ta tana tsintar shinkafa tana bin amshin Tala Tannam da hanci, ba ta san ko kalma ɗaya ta Tamashek, harshen Abzinawa, ba. Ni ma ban sani ba, sai fassarar da na nema a intanet.

Inda ya gaza kuma zan faɗa. Na farko, muryar Mdou ba ta kai jitarsa ba. Siririya ce, kuma a waƙoƙi masu ƙara takan nutse a cikin kiɗa, sai amshin 'yan ƙungiya ya ɗago ta. Wanda ya saba da muryar Bruce Dickinson, mawaƙin Iron Maiden, kamar yadda Yaya ya saba, dole ya ji rashin. Na biyu, guntun kiɗan nan na tsakiya da ba a sa wa suna ba, wanda bai kai minti 2 ba, tsallake shi nake yi kusan kullum. Na uku, waƙoƙin Taliat da Asdikte Akal, duk da ina son su, wanda bai saba da kiɗan Abzinawa ba zai iya jin su kamar abu ɗaya a saurare na farko da na biyu. Sai an ba su lokaci suke rabuwa. Sannan duk wanda zai saurare shi a lasifikar waya, ya sani rabin kundin yake ji. Bes ɗin ɓacewa yake gaba ɗaya, gangunan su koma kamar ana buga gwangwani, jitar ta yi tsini har ta dami kunne. Ƙanena a haka ya fara jin sa ya ce hayaniya ce. Sai da na zaunar da shi a mota na rufe gilasai na saka masa Chismiten, sannan ya yi shiru.

An ɗauki waƙoƙin ne a wurare daban-daban lokacin da ƙungiyar ke yawon wasa, wasu a situdiyo, wasu a ɗakunan otal da gidaje, wasu a Nijar, kuma ana jin hakan. Sautin wata waƙa bai yi daidai da na wata ba. Yaya ya ƙirga wannan a cikin laifuffuka. Ni ban ƙirga ba, don kiɗan nan a filin biki ya girma, a Agadas, inda ake jona amfilifaya da janareto, a shimfiɗa tabarmi, ƙura na tashi. Da an goge shi ya yi sumul kamar na Foo Fighters, da an kashe shi.

A 2024 sun fitar da Funeral for Justice, wanda ya fi wannan zafi da ƙara, kuma akwai masu cewa ya fi shi. Ni dai Afrique Victime nake komawa, saboda ya san lokacin da zai yi tsawa da lokacin da zai yi raɗa. Yaya har yanzu yana kan Senjutsu, bai sauka ba, ni ma ban sa ran zai sauka ba. Makon jiya dai ya aiko ɗansa da yamma, wai in ba shi aron faifan zai yi tafiya Sakkwato. Na saka shi a leda na ba yaron, na ce ya gaya wa babansa ya kula da totur in waƙar farko ta fara.