Tantin aro a Suwidin da sitocinmu na Katsina

Makarantar da ɗana yake zuwa a nan birnin Karlstad na ƙasar Suwidin ta aiko da takarda cewa 'yan ajinsu za su kwana a daji kusa da tafkin Vänern, kuma ana so kowane yaro ya zo da jakar barci, da shimfiɗar da ke tare sanyin ƙasa, da rigar ruwa, sannan iyaye su haɗu su samar da tanti. Da na shiga kantin kayan daji na duba farashi sai jikina ya yi sanyi, domin lissafin ya kama dubban krona a kan kayan da dare ɗaya kawai za a mora. Maƙwabciyata, wata dattijuwa da ta yi ritaya daga aikin jinya, ita ce ta hana ni saye, ta kwatanta mini wani wuri da ake kira Fritidsbanken.

Wurin kamar babban shago yake, kanta bisa kanta, an jera takalman tafiya a kan ƙanƙara bisa lambar ƙafa, rigunan ceto na shiga ruwa suna rataye a gefe guda, tantuna da jakunkunan goyo a wani gefen, kowane da alamarsa. Saurayin da ke kula da wurin ya ɗauko mini tanti mai cin mutum uku, ya zazzage shi a gabana, ya ƙirga turakun da ake kafa shi da su, ya ja zif sama da ƙasa don in ga yana aiki, sannan ya nemi sunana da lambar wayata. Na tsaya ina jiran sauran sharuɗɗa, wato kuɗin ajiya, ko mai tsaya mini, ko takardar shaidar wurin aiki, amma sai ya miƙo mini kayan ya ce in dawo da su cikin kwana 14. Ban biya ko sisi ba. Ni baƙo ne, harshensu ma bai gama zama a bakina ba, amma aka ɗauki kaya masu tsada aka damƙa mini kamar an san gidanmu.

Daga baya na fahimci cewa an fara wannan tsari ne a shekarar 2013 a wani ƙaramin gari mai suna Deje, wanda ba shi da nisa da inda nake, kuma yanzu rassansa sun haura ɗari a faɗin ƙasar, galibi ƙananan hukumomi ne ke ɗaukar nauyinsu. Mafi yawan kayan da ke ciki daga gidajen mutane suka fito. Dalilin yawan irin waɗannan kaya a hannun jama'a shi ne dokar ƙasar ta ba kowa damar shiga daji ya kafa tanti na dare ɗaya ko biyu, ko da filin na wani ne, muddin bai matsa kusa da gida ba kuma bai taka shuka ba, kuma tun 1994 wannan dama take cikin tsarin mulkinsu. Saboda haka gidaje da yawa suna da kayan kwanan daji, yara kuma suna girma su bar na bara, ga shi wurin ajiyar da ake ba mai haya a ƙarƙashin bene ɗan keji ne na waya wanda bai fi a shimfiɗa katifa biyu a ciki ba. Abin da ya shekara biyu ba a taɓa ba sai ya bar gidan.

Na ga kejin maƙwabciyar tawa ranar da ta ce in taya ta sauko da akwati. Ba ta naɗe tanti sai ya bushe ƙarau, domin ɗan danshin da ya rage cikin 'yan kwanaki zai zama fumfuna ya cinye rufin da ke hana ruwa shiga. Jakar barci ba ta barinta a dunƙule cikin ƙaramar jakarta, rataye ta take yi, saboda matsi na wata da watanni yana kashe laushin abin da aka cusa a ciki har ta daina riƙe ɗumi. Ta cire batir daga kowace tocila don kada ya zubar da ruwa ya ci ƙarfe. Kayan girki suna cikin akwatin roba mai nuna abin da ke ciki, igiyoyi da turaku a wani, a jikin murfin kowane an manna takarda da jerin abin da ya kamata a tarar. Masu nauyi suna ƙasa, waɗanda ake yawan ɗauka suna bakin ƙofa. Ta ware tanti guda da takalman jikokinta ta ce gobe za ta kai su inda na yi aro.

A nan ne sitonmu na gida, can wajen Ƙofar Marusa, ya faɗo mini a rai, kuma na san ba namu kaɗai ba ne. Akwai tamfol da aka saya don wani biki da yaran da aka haifa bayansa sun yi aure, akwai risho uku da babu mai aiki a cikinsu, da fitilun ƙwai marasa ƙwai, da gidajen sauro da bokitan da 'yan hidimar ƙasa na gidan suka dawo da su daga sansani, da jakunkunan alhazai da aka cusa cikin juna. Ƙurar hunturu ta rufe su, damina ta jiƙa na ƙasa, gara da ɓera suna cin rabonsu, amma duk wanda ya ce a fitar da wani abu sai a ce masa wata rana zai yi amfani. Idan maƙwabci ya aiko aron tabarma ko kula, sau da yawa amsar ita ce ta lalace, alhali tana nan. Ban ga laifin mai hanawa gaba ɗaya ba, tunda mu ne muke karɓar aro mu riƙe har mai abu ya ji kunyar tambaya, ko mu mayar da shi a yage ba tare da ko ba da haƙuri ba. Abin mamaki shi ne masu hayar rumfa da kujeru a cikin gari suna da littafi, suna ƙirga kayansu fita da shiga, wato ba mu jahilci tsarin ba, sai dai ba ma yinsa sai inda kuɗi ya shiga.

Kada a ɗauka komai a nan daɗi ne. Ƙaramar tukunyar gas ta girkin daji doka ta hana a ajiye ta a kejin ƙarƙashin bene, kuma ba a jefa ta a bola, sai an kai ta cibiyar karɓar shara da ke bayan gari, wurin da marar mota yake shan wahala kafin ya isa. Da na shanya tantin a matakalar bene don ya sha iska kafin in mayar, ba a yi awa biyu ba na tarar da takarda a manne, babu suna babu sallama, ana tunatar da ni dokar kashe gobara. Babu 'yan gwangwan da za su zagayo layi su auna tsohon ƙarfe su ba ka kuɗi, kai ne za ka yi dako. Gyara kuwa shi ya fi ƙona mini rai. Zif ɗin jakar goyona ya lalace, mai gyara ya faɗi kuɗin da ya kusa na sabuwa, ya kuma ce in dawo bayan mako uku, duk da cewa tun 2017 gwamnati ta rage harajin gyaran tufafi da takalma da kekuna daga kashi 25 zuwa 12 cikin ɗari don mutane su daina zubarwa. Na tuna telolin babbar kasuwar Katsina da dukawan da za su ɗinke maka ita kana zaune kuna gaisawa, har a tambaye ka mutanen gida.

Yaya, tunda makullin siton yana hannunka, ina roƙon a buɗe shi kafin ruwan farko ya sauka. A fito da komai tsakar gida a rana, tamfol ɗin a kai wa tela ya duba ko zai ɗinku, idan ya yi a ba 'yan agajin masallacinmu, gidajen sauro masu kyau a wanke a kai makarantar allo ta bayan layi, risho da sauran ƙarafa a kira 'yan gwangwan. Abin da ya rage a ɗora shi a kan katako nesa da bango saboda gara, a rubuta sunayensa a takarda a manna a bayan ƙofa, kuma kuɗin kafinta ni zan turo.