Ƙarin jini a wani asibitin kuɗi a Sabon Gari

Jama'a ƙanwata mai sikila aka ƙara ma jini leda biyu satin da ya wuce a wani asibitin kuɗi nan Sabon Gari, jininta ya yi ƙasa sosai ido ya yi fari fat. Gaskiya nas ɗin da ke bakin aiki ta burge ni. Kafin ta rataya ledar sai da ta kira abokiyar aikinta suka duba suna da rukunin jini da ranar lalacewarsa tare, ta auna zafin jiki da BP wato hawan jini, sannan ta ja kujera ta zauna minti 15 cif tana lura da yarinyar, wai a farkon nan ne jiki ya fi nunawa in bai karɓa ba, rawar ɗari ko ƙaiƙayi ko ciwon baya. Mama ta ce a ƙara gudu mu samu mu tafi gida, ta ce "Hajiya ki yi haƙuri a hankali ake yi, kuma leda ba za ta wuce awa 4 ba."

Inda raina ya ɓaci wajen gwaji ne. Tun hantsi muka kawo masu ba da jini amma sai bayan la'asar aka gama, ga kuɗin leda kamar mun zo sayen fili. Banɗakinsu kam kar ma a yi maganar.