Hattara da mai tallar maganin ƙwarƙwatar maciji a WhatsApp

Assalamu alaikum 'yan uwa masu ajiye mesa a gida, da gardawanmu na Maraɗi da kewaye. Akwai wani mutum da ke shiga zaurukan WhatsApp da Facebook yana tallar wani ruwa a kwalba, wai daga Indiya aka kawo shi, wai fesawa ɗaya ta isa ta kashe ƙwarƙwatar maciji ta kuma warkar da rauni. Jaka bakwai da rabi kwalba. Sai ka tura kuɗi tukuna, ɗan kabu-kabu ya kawo maka, shi kuwa ba ka ganin fuskarsa.

Kwalbar ba takarda, ba sunan kamfani, ba ranar lalacewa. Wani maƙwabcina a unguwar Zariya ya saya, na shinshina, warin piya-piya ne da kananzir, ba wani abu ba. Ya fesa wa mesarsa da magariba ya rufe akwati. Ta kwana tana karkarwa, tana murɗewa, tana kifewa, yawu na dalala, kafin azahar ta mutu. Da ya kira lambar, an riga an toshe shi.

Gubar da ke cikin piya-piya, diklorbos, jijiyoyi take kamawa, kuma dabbar da aka rufe a akwati ba ta da inda za ta tsere wa tururin. Ko mai fesawar ma bai tsira ba.

Maganar fesawa ɗaya ita ce ta tona asirinsa tun farko. Waɗannan ƙwari, baƙaƙe ƙanana da ke taruwa a gefen ido, ƙarƙashin haɓa da wajen dubura, jini kawai suke sha a jikin maciji. In macen ta ƙoshi sai ta sauka ta zuba ƙwai a tsagar katako, a kusurwar akwati, cikin shimfiɗa. Daga ƙwai zuwa babba mako 2 ne zuwa 3. Ka kashe na jiki yau, jibi sababbi sun hau. Duk wanda bai yi maka zancen akwati ba, bai san aikin ba, ko kuma ya sani yana so ka dawo sayen kwalba ta biyu.

In ka ga mesarka ta tare cikin kwanon ruwa ba ta son fita, ko saɓarta tana fita guntu-guntu, duba ƙasan kwanon, za ka ga baƙaƙen ɗigo. Ware ta daga sauran. Jiƙa ta a ruwa mai ɗumi kaɗan kamar minti 20 zuwa 30, kanta a waje, kana tsaye. Ƙone tsohuwar shimfiɗa, wanke akwati da tafasasshen ruwa, ka shanya a rana. Ƙwarin ba su jure zafin da ya haura digiri 50. Shimfiɗa farar takarda don ka riƙa ganin masu dawowa, ka yi ta maimaitawa har wata ya wuce. (Zancen mesa nake, kada wani ya ɗauki kububuwa ko gamsheƙa ya ce zai yi mata wanka.)

Ƙaramin rauni, irin cizon ɓeran da aka jefa mata da rai ko gogewar hanci, Betadine na farmasi ya isa, a surka da ruwa har ya yi launin shayi marar kauri, a goga da auduga. Ban da baƙin mai, ban da toka. Fatar maciji ba ta gaggawa, sai ta yi saɓa ta sake yi kafin tabo ya rufe. Rauni mai zurfi, ko mai mugunya, ko kumburin baki, wannan na likitan dabbobi ne. Shi ne kuma zai auna ibamektin, maganin kashe ƙwarin jikin dabba, gwargwadon nauyi in ya ga da buƙata. Mai kunkuru a gida ya sani wannan maganin kashe kunkuru yake.

Wanda ya riga ya saya, kada ya juye ruwan a kwata ko kusa da rijiya, kuma ya nisanta shi da yara. Ya ɗauki kwalbar, da hoton hirar, da takardar tura kuɗi, ya kai kwamisariya. Mutumin yana sauya lamba da hoton kwalba, amma farashin da zancen Indiya ba su sauya ba.