Shok ɗin a-kori-kura: wanne za ka saya in kai za ka ɗaura da kanka?

Kafin ka taka zuwa kasuwa, zagaya bayan motarka ka dube ta ba kaya. Idan ta zauna, wato bayan ya yi ƙasa, to ba shok ne matsalarka ba, sifirin ne ya gaji. Shok ba ya ɗaukar nauyi. Aikinsa kawai ya hana sifirin ci gaba da rawa bayan taya ta faɗa rami. Mutane da yawa sukan kashe kuɗi kan shok mai tsada, su lafta buhunan masara, motar ta sake durƙushewa, sannan su ce an sayar musu da jabu. Alamar shok da ya mutu daban take: mai yana tsiyaya a jikinsa har ƙura ta manne, mota tana lilo bayan an wuce rami, gaba yana dungurawa in an taka burki, taya kuma tana cinyewa tsalle-tsalle kamar an ƙwaƙule ta da cokali.

Iri uku za a nuna maka. Mai mai zalla shi ne mafi araha da laushi. Bututu biyu ne, ɗaya cikin ɗaya, fistin yana tura mai ta ƙananan ƙofofi. A kan kwalta ba shi da laifi. Amma in ka yi awa guda kana bugun gargada a hanyar burji, man yakan yi zafi ya yi kumfa, kumfa kuwa ba ta riƙe fistin, sai ka ji motar ta saki kamar ba shok. Mai gas na bututu biyu, irin Excel-G na kamfanin KYB, an ƙara masa iskar naitirojin kaɗan don ta danne man kada ya yi kumfa. Shi ya fi kusa da abin da yawancin motocin nan suke fitowa da shi, kuma in ka tambaye ni, shi ya dace da mai Hilux da ke zirga-zirga tsakanin gari da gona.

Na uku shi ne mai bututu ɗaya, wanda kamfanin Bilstein ya yi suna a kansa tun 1957, lokacin da aka fara sa shi a motocin Mercedes-Benz. Gas da mai kowanne da ɗakinsa, wani fistin na shawagi a tsakaninsu, don haka ba sa haɗuwa. Tunda bututun ɗaya ne, zafi yana fita da wuri. Bilstein 4600 da Gas-a-Just na KYB duk irinsa ne. Yana riƙe mota sosai, musamman da kaya, sai dai yana da tauri, in ba kaya bayanka zai gaya maka. Ga kuma wani abu da mai shago ba zai faɗa ba: bututun da fistin ke gudu ciki shi ne a waje, dutse ɗaya ya lotsa shi, an gama. Mai bututu biyu yakan jure ƙaramar lotsawa saboda na wajen ma'ajiyar mai ce kawai. Kamfanin Old Man Emu na Ostiraliya, da masu shiga daji suke so, Nitrocharger ɗinsa bututu biyu ne.

Sai ɗan Beljiyam, wato na hannu da ake shigowa da shi daga waje. Injin gwanjo ko ƙofa ko fitila, ba ni da ja. Shok kuwa abu ne mai ƙarewa, masu ƙera shi ma sukan ce a duba shi daga wajen kilomita 80,000, kai kuma ba ka san nawa wannan ya ci ba. Akwai ma wanda ake hudawa a ɗura masa mai, a yi walda, a fesa baƙin fenti. Shafa jikinsa da yatsa kusa da ƙasa, in ka ji tudun walda ajiye shi. Sabon ma a lura: lambar da ke kwali ta zo daidai da wadda aka buga a jikin ƙarfen, sandar fistin da ke shiga tana fita ta zama sumul ba karce, mai gas kuma in ka danne shi ya miƙe da kansa a hankali. Ko Kofar Ruwa za ka a Kano, ko Panteka a Kaduna, tafi da tsohon a hannu da lambar shasin motarka, ka auna tsawonsu a miƙe da a danne. Guda biyu za ka saya, hagu da dama, kamfani ɗaya.

Batun ɗaurawa ma yana cikin lissafin saye. Na baya sauƙi gare shi, yana gefe da sifirin, noti sama noti ƙasa. Zuba wa notocin man sassauta tsatsa tun dare, tare tayoyin gaba da duwatsu, kuma kada ka shiga ƙarƙashi mota tana kan jak kaɗai, sa mata madogarin ƙarfe. Mai bututu biyu ka tsayar da shi, ka danna ka ja sau uku ko huɗu kafin ɗaurawa, don iskar da ta shiga lokacin da yake kwance ta koma wurinta. Kada ka kama sandar da filaya, karce ɗaya ya isa ya yanka robar da ke riƙe mai. Ƙarshen ɗaure noti kuma sai motar ta sauka kan tayoyinta, in ba haka ba bushin, wato robar da notin ya ratsa, zai murɗe ya tsage cikin 'yan watanni.

Gaba ne ake yin hattara. Hilux daga samfurin 2005 shok ɗinta na gaba yana cikin kwayil ne, wato sifirin mai murɗe, a matse da ƙarfin da zai iya karya hannu in ya kuɓuce. Ba ka da abin matse kwayil mai kyau? Ciro shi gaba ɗaya yadda yake, ka kai wa bakanike ya sauya maka na cikin, ka dawo ka ɗaura. Kuɗin wannan da na alaiminti, wato saita tayoyi, sa su cikin farashin tun kana gaban mai shago.