AERMOD ko CALPUFF: Wacce Ta Fi Hasashen Warin Juji?

Iskar haidirojin salfaid, mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, tana tashi daga manyan jujin shara irin na Olusosun da ke Legas, kuma masana na amfani da manhajojin kwamfuta irin su AERMOD da CALPUFF wajen hasashen unguwannin da za ta kai.

AERMOD, wadda hukumar kare muhalli ta Amurka ta amince da ita a 2005, tana ɗauka cewa iska na kaɗawa ta fuska ɗaya cikin kowace awa, warin yana tafiya a miƙe yana bazuwa. Ba ta cin bayanai da yawa, kuma tana aiki har nisan kilomita 50.

Rauninta yana bayyana ne idan iska ta kwanta. Da asuba wannan guba, wadda ta fi iskar da muke shaƙa nauyi, takan taru ƙasa-ƙasa, ta gangara kwari, ta kutsa ɗakuna ta taga mutane na barci. Ita kuwa CALPUFF tana raba warin dunƙule-dunƙule, tana bin kowanne, ba ta manta inda na awar baya ya tsaya ba. Sai dai tana buƙatar bayanan yanayi masu yawa da ƙwararren ma'aikaci. A ganina, ga jujin da gidaje suka kewaye kusa da teku, inda iska ke juyawa dare da rana, wahalarta ta biya.