Ƙaramin madubin hangen taurari da na saya

Faɗin bakinsa milimita 70 ne, irin mai arahar nan da ake tallarsa a intanet da hoton tauraron Zuhal mai launi a jikin kwali. Wannan hoton ku manta da shi. Zuhal a cikinsa ɗan ɗigo ne mai zobe, sai ka ƙura ido kafin ka gamsu. Ni dai na saye shi ne don in ga da idona hujjojin da suka sa masana suka bar cewa komai na sama Duniya yake kewayawa, kuma ta wannan fuskar kuɗina bai tafi a banza ba.

Tauraron Mushtari ne ya fi burge ni. A gefensa akwai ɗigo huɗu a jere kamar an ja zare. Ka dawo washegari jerin ya sauya, uku a hagu ɗaya a dama, wata rana ma ɗaya ya ɓuya a bayansa. Su ne watannin Mushtari da masanin taurari Galileo ya gani a Janairun 1610, da madubi mai ƙara girman abu kusan sau 20 kacal. Wanda ya fi kusa da Mushtari a cikinsu, Io, ba ya cika kwana biyu yake gama zagaye, shi ya sa sauyin ke da sauri haka. Tun zamanin masanin taurari Batlamus na Iskandariya, a ƙarni na 2, ana karantar da cewa Duniya ce cibiya, sai ga abubuwa huɗu suna kewaya wani abu daban ƙiri-ƙiri.

Zara matar wata kuwa tana son haƙuri, don sai ka bi ta watanni. Wani lokaci siririya ce kamar jinjirin wata, wani lokaci ta kusa cika amma ta ƙanƙance saboda ta yi nisa, ta koma can bayan rana. A tsarin Batlamus kullum tana tsakaninmu da rana, ba yadda za a yi ta cika. Sai dai wannan bai tabbatar da maganar masani Copernicus ta 1543 cewa rana ce cibiya ba, domin tsarin wani masanin, Tycho Brahe, inda Duniya ke tsaye amma Zara na kewaya rana, shi ma ya dace da abin da ake gani. Lissafi ne ya yi aikin da ya rage: masani Kepler ya ɗauki awon tauraron Marrih da Tycho ya yi ba tare da madubi ba, a 1609 ya nuna hanyarsa siffar ƙwai ce, ba cikakkiyar da'ira ba. Wannan kam madubina ba zai nuna maka ba, Marrih jan ɗigo ne kawai a cikinsa.

Inda madubin ya gaza shi ne ƙafafun da yake tsayawa a kansu. Ba su da nauyi, iska kaɗan hoton ya kama rawa, ga juyawar Duniya na janye tauraron daga ido cikin ɗan lokaci, sai ka yi ta gyara. Na rataya jarkar ruwa a tsakiyarsu, ya rage. Gilashin da ya fi ƙara girma dishi-dishi yake nunawa, na ajiye shi ina aiki da matsakaicin. In hazo ya sauka kuma, mayar da shi kwali ka jira sama ta washe.